Gargaɗi ga Jama'ar Filinge da Kurfai: A Daina Fesa Guba a Kan Ganyen da Muke Ci

Wannan kira ne na gaggawa ga magidanta da iyaye mata da matasa masu garka, daga garin Filinge zuwa Tunfalis, Shikal da Tukunus, har da maƙwabtanmu na Bonkuku da Baleyara. Damina ta ja baya, ana shirin shukar ɗari, kuma yanzu ne kwalaben maganin ƙwari suke cika kasuwanni. Da yawansu babu hukumar da ta yarda a fesa su a kan abin ci. Kafin kowa ya sayi kwalba ɗaya bana, ya saurari wannan magana.

Hatsarin ya fi yawa a garkar cikin gida. Gonar gero tana bayan gari, amma zogale da yakuwa da tumatirin tsakar gida suna dab da randa da murhu da wurin wasan yara. Tsutsa takan sauka a kan zogale ta tattare ganyen da zarenta, cikin ƴan kwanaki ta bar tsirarun rassa. Sai maigida ya ɗauko piya-piya ko Sniper ya zuba a murfin kwalba da ƙiyasi, ya gauraya a bokiti, ya yayyafa da tsintsiya. Washegari uwargida ta tsinko ganyen ta dafa, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli, kowa ya ci. Sinadarin da ke cikin Sniper, wato dichlorvos, guba ce mai kama jijiyoyin mutum kamar yadda take kama na ƙwaro. Tana shiga ta baki, ta numfashi, har ta fata. A 2019 hukumar NAFDAC ta Nijeriya ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwa saboda rayukan da ya ci.

Kowane magani na ƙwarai yana da kwanakin jira tsakanin feshi da tsinka, kuma a rubuce suke a jikin kwalba. Wanki da ruwa ba ya maye gurbin wannan jira. Shukar da ake tsinka kullum, kamar zogale da guro, da wadda ake ci ɗanya, kamar salati, kada a kusance su da irin wannan guba ko kaɗan.

Ga abin da za a kula da shi a kowane lokaci na shekara.

Yanzu da kaka: masu ajiye wake su nisanci sa ƙwayar maganin rumbu a ɗakin da ake kwana. Ƙwayar nan tana fitar da iska mai kisa da zarar ta ji danshi, kuma yara ne take fara kayarwa. Buhu mai ninki uku, wanda ake kira PICS, yana kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska, ba a sa masa magani.

Da ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu: lokacin salati ne da shu da tumatir da dankalin turawa. Kada a yi feshi cikin iskar hunturu, don tana kwashe maganin ta kai shi kan tukunya da shanyar tufafi da gidan maƙwabci. A leƙa ƙarƙashin ganye kowace safiya. A ƴar garkar gida, hannu ya isa ya tsince tsutsa kafin ta yaɗu.

Da bazara, daga Maris zuwa Mayu: zafi yakan haura digiri 40. Mai feshi da rana tsaka, ba riga ba takalmi, yana gumi, fatarsa tana shan gubar. Galibi ma abin da ke sa shuka yaushi a wannan lokaci ƙishirwa ce. A yi ban ruwa da sassafe ko da marece, a rufe gindin shuka da kara ko busasshiyar ciyawa, a yi wa ƙananan dashen mangwaro da lemo rumfar zana.

Da damina: a guji maganin ciyawa a tsakar gida, musamman paraquat. Ƙasashen Sahel na ƙungiyar CILSS sun haramta shi tun 2011, amma yana shigowa ta ɓarauniyar hanya. Kurɓi ɗaya yana iya lalata huhu, kuma har yau ba shi da makari. Hauya ta isa ciyawar tsakar gida.

Akwai kuma maganar ruwa. A kwarin Dallol Boso ruwan ƙasa ba ya da nisa, ƙasar kuma rairayi ce mai tsotse duk abin da aka zuba mata. Wanda ya wanke famfon feshi a bakin rijiya ya sa wa unguwa guba a ruwan sha. Kwalbar da ta ƙare a huda ta, a kawar da ita nesa da rijiya da yara. Kada a zuba mata ruwa ko mai ko nono, komai wankin da aka yi mata. Kada kuma a juye magani cikin robar lemo, domin yaro mai ƙishirwa ba ya tambaya.

Abin da zai tsare shuka yana cikin gidajenmu. A daka ƴaƴan bedi busassu kamar rabin kilo, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan farin sabulu a ciki, a fesa da marece sama da ƙarƙashin ganye, a maimaita bayan mako. Zogalen da tsutsa ta cinye a sassabe shi, zai toho sabo. A yi amfani da takin dabbobi wanda ya ruɓe sosai. Idan ya zama dole a sayi magani, a fara tambayar malamin gona, a duba lambar amincewar kwamitin CSP na ƙasashen Sahel a jikin kwalbar. Kwalbar da ba ta da takarda, ko mai jan layi a gindinta, a bar wa mai ita.

Idan tsautsayi ya faɗa, ga alamomi: dalalar miyau, gumi mai yawa, amai, ciwon ciki, rawar tsoka, ƙanƙancewar ƙwayar ido, numfashi da ƙyar. A tuɓe wa wanda gubar ta kama tufafinsa, a wanke jikinsa da sabulu da ruwa mai yawa. Kada a ba shi nono ko mai, kada a tilasta masa amai. A garzaya da shi likita mafi kusa ko asibitin Filinge tare da kwalbar, don ma'aikata su san irin gubar. A wannan hali na rashin tsaro tafiyar dare tana da wuya, saboda haka kada a ce a jira a gani.

Muna roƙon limamai su faɗi wannan a masallaci, masu gari su faɗa a fada, shugabannin ƙungiyoyin mata su faɗa a taronsu. Masu sayar da magani, ku ji tsoron Allah, ku daina auna wa mutane guba a leda. Kai kuma maigida, yau ɗin nan ka zagaya gidanka: duk kwalbar maganin da ke ƙarƙashin gado ko kusa da madafa, ka fitar da ita ka kulle inda hannun yaro ba ya kaiwa. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Allah ya tsare mu da iyalanmu, amin.