Saɓanin Suna A Takardu Na Tsare Kuɗin Ɗalibai A Bankunan Azare

AZARE: A farkon kowace shekarar karatu, rassan bankuna da ke Azare, hedkwatar ƙaramar hukumar Katagum a Jihar Bauchi, kan karɓi sababbin ɗalibai masu neman buɗe asusun ajiya. Garin na da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a 2021, sa'an nan ga Jami'ar Sa'adu Zungur a Gadau, nan kusa. Da yawa daga cikin waɗannan ɗalibai ta banki iyayensu ke aiko musu da guzuri, kuma daga wannan guzurin ne masu gidajen haya da masu abinci da 'yan tireda ke samun ciniki.

To, amma buɗe asusu a yau ya wuce cike takarda da liƙa hoto. A watan Fabrairu na 2014 ne Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar BVN, mai alƙaluma 11, wadda ke haɗa zanen yatsun mutum da hotonsa da duk wani asusu nasa. Har ila yau, a ranar 1 ga Disamba, 2023, bankin ya ba da umurnin cewa ko ƙaramin asusu ma sai an haɗa shi da BVN ko lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, manyan asusu kuwa sai da duka biyun. Ya kuma sa ranar 1 ga Maris, 2024 ta zama lokacin da za a fara hana cire kuɗi daga asusun da bai cika sharaɗin ba.

Tun 2013 aka raba asusun ajiya hawa uku. Yawancin ɗalibai a hawa na farko suke farawa, domin ba ya bukatar takardu masu yawa. Sai dai a galibin bankuna ba a zuba masa fiye da Naira 50,000 a lokaci guda, kuma ba ya riƙe fiye da Naira 300,000. Da zarar uba ya aiko da kuɗin makaranta da na haya a haɗe, sai asusun ya cije, banki ya ce sai an ɗaga shi zuwa hawa na gaba. A hawa na sama ne ake neman katin shaida da hujjar adireshi, alal misali takardar biyan kuɗin wutar lantarki, abin da ɗalibin da ke kwana a ɗakin makaranta ko ɗakin haya ba shi da shi da sunansa.

Babbar matsalar kuwa ita ce saɓanin abin da aka rubuta a takardun. A ƙasar Hausa yaro kan shiga firamare da sunansa da na mahaifinsa, a sakandare a ƙara masa sunan gari, watau Azare ko Chinade ko Madara ko Shira. Wajen rajistar NIN kuma wani ya rubuta Mohammed inda takardar makaranta ta ce Muhammad, ko Aisha a maimakon Aishatu, ko a juya sunan uba ya koma farko. Waɗanda aka haifa a gida ba tare da takardar haihuwa ba, sau da yawa ranar da ta zo bakin mai cike fom ita ke zama ranar haihuwarsu, a wani wurin kuma a rubuta wata dabam. Ga mai unguwa duk mutum ɗaya ne, amma kwamfutar banki harafi da harafi take gwadawa.

Abin da ke cikin hatsari a nan ya wuce guzuri. Tun 2021 hukumar JAMB ta wajabta NIN ga mai rajistar jarrabawarta. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda ya fara karɓar takardun nema a watan Mayu na 2024 da alawus na Naira 20,000 a wata, shi ma yana neman NIN da BVN da lambar JAMB. In ukun nan suka saɓa, sai nema ya tsaya.

Gyara kuwa yana cin kuɗi da lokaci. Ana bukatar takardar rantsuwa daga kotu, a canjin suna akan nemi sanarwa a jarida, a ranar haihuwa kuma sai da shaidar Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Banki ba ya gyara bayanan NIN, wannan aikin hukumar NIMC ne, don haka daga can ake farawa kafin a dawo kan BVN.

Wasu ɗalibai kan nemi sauƙi ta hanyar karɓar kuɗi a asusun aboki ko na mai POS. Ɗan kasuwar da ya ba da aron asusunsa ya sani cewa duk kuɗin da ya bi ta ciki da sunansa aka rubuta, kuma in zargi ya taso shi za a fara nema.

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Abin da ya kamaci iyaye shi ne su jera takardar haihuwa da ta NIN da sakamakon jarrabawa tun yaro yana ajin ƙarshe na sakandare, su tabbatar suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya. Wanda aka buɗe wa asusu tun yana ƙarami, in ya cika shekara 18 sai ya je da kansa a mai da shi sunansa. Haka kuma ɗalibi ya riƙe layin wayar da ya yi rajistar BVN da shi, domin ta nan banki ke aiko da lambar tabbatarwa a duk lokacin da za a canza wani abu a asusun.