Ko Kun Sani? Fim Ya Mutu, Kiɗansa Ya Rayu

Wani kiɗa da aka tsara wa fim ɗin da ake lissafawa cikin mafiya muni a tarihin Hollywood ya sake ɓullowa bayan shekara 38, a cikin fim ɗin da ya ci kyautar Oscar ta kiɗa. Fim na farkon shi ne Exorcist II: The Heretic na 1977. Na ban tsoro ne, amma a gidajen sinima dariya 'yan kallo suka riƙa yi masa. Mai tsara kiɗansa kuwa Ennio Morricone ne, ɗan Italiya, kuma bai yi aikin ganin dama ba: taken da ya yi wa yarinyar fim ɗin, Regan, mai taushi ne ƙwarai, har ya fi ƙarfin labarin.

A 2015 darakta Quentin Tarantino ya ɗauko wannan taken ya sa a The Hateful Eight, haɗe da wasu kaɗe-kaɗen Morricone daga The Thing na 1982, fim ɗin da shi ma masu sharhi suka yi wa ca a lokacin fitowarsa, ko da yake daga baya an yi masa adalci. Sabon kiɗan da Morricone ya tsara wa Tarantino ne ya ba shi Oscar a 2016, yana da shekara 87.

Me ya sa kiɗa ke iya rayuwa bayan fim ɗinsa ya mutu? Galibi sai an gama ɗaukar fim ake kiran mai kiɗa, a naɗi aikinsa daban. Shi ya sa ake iya fitar da shi a faifai, ko a ɗora shi kan wani fim ɗin dabam.