Binciken Makamashi Ba Sabon Haraji Ba Ne: Raddi Ga 'Yan Uwa Masu Injina

Duk lokacin da aka ambaci wajabta wa masana'antu binciken yadda suke amfani da makamashi, amsa ɗaya ake ji daga masu injinan casar shinkafa da na niƙa, daga Mungadi zuwa Maiyama, Jega da Aliero: "Wutar da babu ita, wace ɓarna za a bincika? Sabon haraji ne kawai aka sauya wa suna. Ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Masu wannan magana ba su faɗe ta don son zuciya ba. Sun ga masu rasit iri-iri a ƙofar shagonsu, sun kuma san yadda tsadar wuta ta taimaka wajen durƙusar da masaƙun Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano. Tsoronsu yana da tushe. Sai dai, da dukkan girmamawa, hukuncin da suka yanke bai dace da hujjar tasu ba.

Mu fara da batun ƙarancin wuta. Wanda wuta ta wadata gare shi cikin araha, shi ne zai iya kau da kai ga ɓarna. Mu kuwa da tsada muke sayen kowane ɗigo. Bayan janye tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, farashin fetur ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin lantarki na rukunin A zuwa Naira 225 kan kowane kilowat na awa ɗaya. Dizal kuwa ya daɗe da zama babban abokin rabon ribar mai inji. Ƙarancin da ake kafa hujja da shi, shi ne babban dalilin yin binciken.

Sai batun mai ɗaki. Gaskiya ne Alhaji ya san injinsa, yana gane ciwonsa daga ƙararsa. Amma yoyon makamashi ba ya ɗiga a ka, balle a sa kwano. Janareta babba da ke jan ƙaramin kaya yana shan mai fiye da aikin da yake bayarwa, kuma ƙararsa lafiya lau. Injin lantarkin da aka sake naɗa wa waya sau da dama yana juyawa, amma wani kaso na wutar zafi yake zama. Bel mai sako-sako yana cin ƙarfi a banza. Bututun tururi da ba a lulluɓe ba yana dumama iska maimakon turara shanshera. A manyan kamfanoni, iskar da ake matsawa don na'urar tsince baƙar ƙwaya tana zurarewa ta ƙananan huji dare da rana. Ga buntun shinkafa jibge a bayan shago, alhali makamashi ne da zai iya rage sayen itace. Mai bincike yana zuwa da na'urar awo ne, ya rubuta adadin man da ake ƙonawa kafin a case buhu ɗaya, ya nuna gyaran da zai mayar da kuɗinsa da wuri. Aikinsa ke nan.

Wasu kuma na cewa maganar hayaƙi mai dumama duniya ta Turawa ce. Haƙiƙa su suka fi zuba shi a sararin sama. Amma ambaliyar 2020 da ta shanye gonakin shinkafa a Kebbi ba ta tambayi wanda ya jawo ta ba. Kowace litar dizal tana fitar da fiye da kilo biyu da rabi na wannan hayaƙi. Nijeriya ta kafa dokar sauyin yanayi a 2021, ta kuma yi alkawari a taron sauyin yanayi na Glasgow cewa za ta daidaita hayaƙinta nan da 2060. Litar da aka yi tsiminta riba ce ga mai inji, sauƙi ce ga manomin fadama. Addininmu ma ya riga kowa hana almubazzaranci.

To me ya sa sai an wajabta? Domin abin da aka bar wa ganin dama, gobe ake yi masa. Ba kuma ƙasashe masu arziki kaɗai suka gane haka ba. Indiya ta kafa dokar tsimin makamashi a 2001, ta ɗora binciken a kan masana'antun da suka fi shan wuta. A 2012 Kenya ta wajabta shi duk shekara uku ga wuraren da ke amfani da fiye da kilowat na awa 180,000 a shekara. A shekarar ce Tarayyar Turai ta umarci manyan kamfanoni su yi shi duk shekara huɗu. A ko'ina, babba aka fara kamawa.

Nan ne ya kamata ƙorafinmu ya koma. Kada mu ce a bar binciken. Mu ce a yi shi da adalci. Wajibcin ya hau kan manyan kamfanoni irin su WACOT a Argungu da Labana a Birnin Kebbi. Mai inji ɗaya ko biyu a Mungadi a yi masa kyauta ko da rangwame, ta hannun ƙungiyarsa, ba tare da tara ba. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero tana kusa, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana Sakkwato. Su horar da matasanmu su zama masu awon. Tun da dokar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi damar tsara harkar wutarsu, gwamnatin Kebbi tana da hurumin fara wannan aiki, ta haɗa shi da bashi mai sauƙi don sauya tsofaffin injina.

Kafin doka ta iso, ya ku iyayenmu da 'yan uwa masu sana'a, ku buɗe littafi daga wannan kakar: lita nawa aka zuba, buhu nawa aka case. Ku kwatanta da na maƙwabci. Idan lissafin ya bambanta, kuɗinku ne ke tafiya, kuma kun fi kowa haƙƙin sanin inda yake zuwa.