Lithium Da Zafin Bazara: Jan Hankali Ga Iyalai A Masarautar Gumel

Duk wanda ya taɓa yini a kasuwar Maigatari ranar Alhamis cikin watan Afrilu ya san irin wahalar da rana ke bai wa jiki. Ga mai lafiya, abin bai wuce gumi da ƙishirwa ba. Amma ga mai shan lithium, wannan gumin yana iya kwantar da shi a asibiti.

Lithium magani ne da likitoci ke rubuta wa masu larurar nan da kan hana mutum barci, ya yi ta surutu da ɓarnar dukiya, daga baya kuma ta jefa shi cikin matsanancin baƙin ciki. Tun 1949 wani likita a Ostireliya, John Cade, ya nuna amfaninsa, kuma har yau yana sahun gaba. Sai dai tazarar da ke tsakanin waraka da guba a cikinsa ƙanƙanuwa ce. Ana so ya tsaya a jini tsakanin kimanin 0.6 zuwa 1.0 a ma'aunin likitoci. Da zarar ya haura 1.5, an shiga haɗari.

Ƙoda ce ke fitar da shi, kuma tana ɗaukarsa tamkar gishiri. Idan jiki ya rasa ruwa da gishiri sakamakon gumi, gudawa ko amai, sai ta riƙe shi ya taru a jini. Haka ma idan aka haɗa shi da ibuprofen ko diclofenac, waɗanda manomi a Gagarawa ko Sule Tankarkar kan saya a kemis bayan ya dawo gona. Paracetamol ya fi aminci. Karkarwar hannu mai tsanani, tangaɗi, nauyin harshe da ruɗewa alamu ne na a dakatar da maganin, a garzaya asibiti nan take.

Saboda haka, kada a ƙara ƙwaya don ciwo ya motsa, kada a ninka don an manta ta jiya, kada kuma a daina don an ga sauƙi, domin yankewa farat ɗaya kan dawo da larurar. A riƙa awon jini sa'o'i 12 bayan shan ƙarshe, duk wata uku zuwa shida, tare da duba ƙoda. Mai niyyar azumi da mace mai shirin ɗaukar ciki su fara tuntuɓar likita.

Magidancin da sai ya yi tattaki zuwa Kazaure ko Kano kafin a duba ɗansa, kuɗin mota kaɗai na iya sa shi tsallake awo. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Jigawa ta tabbatar ana yin wannan awo a Babban Asibitin Gumel. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.