Siffa Tsayayya a Cikin Wasan Rai

A shekarar 1970 ne John Conway, masanin lissafi na jami'ar Kambrij a ƙasar Ingila, ya fito da abin da ya kira Wasan Rai. Ana yin sa ne bisa fili mai gidaje kamar na dara, sai dai ba shi da iyaka, kuma kowane gida yana da maƙwabta 8, har da na kusurwa. Gida ko dai yana da ɗa ko kuwa fanko ne. Ƙa'idar gajera ce: ɗan da ke da maƙwabta 2 ko 3 yakan rayu, wanda ya kasa haka ko ya zarce yakan mutu, fankon gida kuwa in ƴaƴa 3 daidai suka kewaye shi sai a haifi sabon ɗa a ciki. Dukan gidaje suna juyawa a lokaci guda.

Siffa tsayayya ita ce jerin ƴaƴan da juyi ke samu ya bar shi yadda yake. Sharaɗi biyu gare ta. Na farko, kowane ɗa ya sami maƙwabta 2 ko 3. Na biyu, wanda mai koyo ya fi mantawa da shi alhali shi ne mai wuya, kada wani fankon gida, a ciki ko a gefe, ya sami maƙwabta 3 daidai.

Ƴaƴa 3 ba su isa ba. In aka jera su a miƙe sai su yi ta juyawa, yanzu a tsaye, an jima a kwance. In aka lanƙwasa su, gida na huɗu yakan cika, a sami dunƙule mai ƴaƴa 4. Nan kowane ɗa yana da maƙwabta 3, kuma babu fankon da ke ganin fiye da 2. Wadda ake kira amya, mai ƴaƴa 6, dabararta dabam ce: gidaje biyu na cikinta kowane yana da maƙwabta 5, cunkoso ne ya hana haihuwa a wurin.

Siffofi masu ƴaƴa 4 guda 2 ne, masu 5 guda 1 tak, masu 6 guda 5, daga baya adadin yakan haura da sauri. Wata mai ƴaƴa 7, mai kama da ƙugiya, takan cinye siffa mai tafiya da ta faɗo mata ta fuskar da ta dace, sa'an nan ta koma yadda take. Da ita masu gina manyan tsare-tsare ke share abin da ba su bukata. A 1998 Noam Elkies ya tabbatar da cewa siffa tsayayya, ko da ta mamaye filin duka, ba ta iya cika fiye da rabin gidajensa.