Jirgin Ƙasan Abuja Zuwa Filin Jirgin Sama: Wa Yake Ɗauka?

Da yawa a cikinmu muna da ɗa ko ƙane ko suruki da yake neman abinci a Abuja. Kaɗan ne daga cikinsu suke kwana a cikin birnin, gama kuɗin haya a Maitama ko Wuse ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Suna kwana a Kubwa, da Gwagwa, da Dei-Dei, da Nyanya, da Karu, wasu ma har Mararaba a Jihar Nasarawa, kullum kuma sai sun yi sammako su shiga gari. Saboda haka maganar jirgin ƙasan da ya haɗa tsakiyar Abuja da Filin Jirgin Sama na Nnamdi Azikiwe ta shafe mu, ko da ba mu taɓa hawa jirgin sama ba.

An ba da kwangilar aikin a shekarar 2007, a ƙarshen mulkin Shugaba Olusegun Obasanjo, ga kamfanin CCECC na ƙasar Sin. Aikin ya yi ta jan ƙafa har shekara 11, sai a ranar 12 ga Yuli, 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi. Ya ci fiye da dala miliyan 800, dala miliyan 500 a ciki kuwa bashi ne daga Bankin Exim na ƙasar Sin. Bashi kuwa biyansa ake yi, kuma daga aljihun ƙasa ne, watau har da wanda yake Kafanchan ko Numan bai taɓa ganin jirgin da idonsa ba.

Tsawon dogon ya kai kilomita 45, da tashoshi 12, an kuma raba shi layi biyu. Na fari ya tashi daga babbar tasha a tsakiyar birni, ya bi ta filin wasa na ƙasa, da Kukwaba, da Wupa, da Idu, da Bassanjiwa, ya ƙare a filin jirgin sama. Na biyu ya tashi daga Idu ya bi ta Gwagwa, da Dei-Dei, da Kagini, zuwa Gbazango a Kubwa. Idu ita ce mahaɗa, domin a nan ne jirgin Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, yake tsayawa. Mutumin da ya hau a Rigasa yana iya sauka a Idu ya canza jirgi zuwa cikin gari ko filin jirgin sama ba tare da ya nemi tasi ba. Jiragen suna aiki da man dizal ne, ba da lantarki ba.

A takarda abin ya yi kyau. Amma da aka buɗe a 2018, tashoshi uku kaɗai suke ɗaukar fasinja: ta tsakiyar birni, da Idu, da ta filin jirgin sama. An gina wasu tashoshin a cikin daji ba tare da hanyar mota da za ta kai mutum bakinsu ba. Jirgi kuma ba ya zuwa a kai a kai. To, wa zai hau? Mai tikitin jirgin sama yawanci yana da mota ko kuɗin tasi, ba kuwa zai yi kasadar jiran jirgin da ba ya tashi sai bayan wasu sa'o'i ba. Mai shara da masinja da birkila, waɗanda su ne suka fi bukata, jirgin yana wucewa ta bayan unguwarsu bai tsaya ba.

A shekarar 2020 aka dakatar da jirgin saboda annobar korona. Annoba ta lafa, kasuwanni da makarantu suka buɗe, amma jirgi bai dawo ba sai bayan shekara huɗu. A wannan tsakani ɓarayi suka yi ta yanke wayoyi suna kwashe kayan sadarwa da na ba da sigina. Hausawa sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɓarawo ya yi laifi, wanda ya bar dukiya mai yawa haka ba tsaro ya yi laifi, mai sayen wayar sata a kan kilo shi ma yana da nasa kason.

Ranar 29 ga Mayu, 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sake buɗe layin, bayan Ministan Abuja Nyesom Wike ya sa an gyara abin da aka lalata, an kuma yi hanyoyin mota zuwa tashoshin. Ministan ya ce a hau kyauta na wata biyu, Shugaban Ƙasa ya ce a kai har ƙarshen wannan shekarar. Shekara guda ke nan cif bayan an janye tallafin man fetur, lokacin da kuɗin mota ya fara cinye albashin mutane. Jirgi yana kuma raba fasinja da 'yan wan-cans, watau ɓarayin da suke fakewa da tasi su yi wa wanda suka ɗauka fashi.

Darasin da muka gani shi ne, jirgin filin jirgin sama ba ya rayuwa da matafiyan sama su kaɗai. Abin da yake cika tarago shi ne ma'aikacin da yake zuwa aiki Litinin zuwa Juma'a. Shi kuwa abu uku yake nema: ya iya kaiwa tasha da ƙafa ko da ƙaramin kuɗi, ya san lokacin tashin jirgi kuma a kiyaye shi, in ya sauka ya sami bas da zai ƙarasa da shi ofis. In ɗaya ya ɓace, sai ya koma bakin titi.

Akwai kuma babban giɓi. Kashin farko na aikin bai nufi gabas ba, inda Nyanya da Karu da Mararaba suke, alhali hanyar Abuja zuwa Keffi tana cikin waɗanda suka fi cunkoso safe da yamma. Muna roƙon hukumar birnin tarayya da Gwamnatin Jihar Nasarawa su sa wannan a gaba, su kuma ware kuɗin gyara da tsaro kowace shekara, kada a sake jiran ranar biki kafin a tuna da jirgi.

Mu ma muna da namu aikin. Mu daina cewa kayan gwamnati ba na kowa ba ne, gama da bashin da muke biya aka sayo su. Iyayen da suke zaune kusa da dogo su ja wa yara kunne kada su yi wasa a kansa ko su jefi tarago. Wanda ya ga ana yanke waya ya sanar da jami'an tsaro ko mai unguwa. Wanda kuma hanya ta kai shi Abuja, ya tambayi lokacin jirgi a tasha, ya hau ya gani da idonsa.