Kocin ƙwallon kwando: Me ya sa ake karrama shi, kuma wane darasi ke ciki ga Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa?

A duk lokacin da aka ɗaga kofi, 'yan wasa ake ɗauka a kafaɗa. Wanda ya shafe shekaru yana fitowa da asuba don koya musu riƙon ƙwallo yakan tsaya can gefe, sau da yawa ma ba ya shiga hoto. Sai ranar da zai ajiye aiki ake tuna cewa da bazarsa aka yi rawa.

Yadda ake yi a Amurka

A Amurka aka ƙirƙiro ƙwallon kwando a 1891, a hannun wani malamin motsa jiki mai suna James Naismith. Tun daga tushe wasan na makaranta ne, shi ya sa kocin jami'a yake da daraja a can. Mike Krzyzewski ya horar da ƙungiyar Jami'ar Duke kaka 42, ya ci kofin jami'o'in ƙasar sau 5, sannan ya yi ritaya a 2022 da nasara 1,202. Tun kafin ya sauka aka sanya wa filin wasan jami'ar laƙabinsa. Haka ita ma Pat Summitt ta ci kofi 8 da ƙungiyar mata ta Jami'ar Tennessee kafin ta ajiye aiki a 2012.

Karramawar a can takan ɗauki siffofi sanannu: sanya wa fili suna, tara tsofaffin ɗalibai a wasan bankwana, da kafa asusun tallafin karatu da sunan kocin.

Namu misalin yana Zariya

Ba sai an ƙetare teku ba. A Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, sunan Oliver B. Johnson, wanda aka fi sani da Koci OBJ, ya zama ɗaya da ƙwallon kwando. Ba'amurke ne da ya zauna a Zariya shekaru masu yawa yana horar da ɗalibai da yaran gari.

Cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda aka haifa a Ingila a 1970 ya kuma tashi a Zariya, inda ya fara wasan yana ɗan shekara 13. Ujiri bai yi fice a matsayin ɗan wasa ba, amma ya zama manajan Denver Nuggets a 2010, kuma yana shugabantar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019. Ƙungiyarsa ta Giants of Africa, da ya kafa a 2003, tana shirya wa matasa sansanonin horo tana kuma gina filaye a ƙasashen Afirka.

A nan ne ma'aunin koci yake. Kofi yakan yi ƙura a kabad, amma yaron da aka koya wa zuwa kan lokaci, da biyayya ga alƙalin wasa, da haƙuri idan an sha kaye, yana tafiya da wannan tarbiyya ofis ko kasuwa. Mafi yawan ɗaliban koci ba sa zama ƙwararrun 'yan wasa. Malamai suke zama da 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati.

Me ya haɗa wannan da kudancin Katsina?

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna cikin ƙananan hukumomin da matsalar 'yan bindiga ta fi addaba. A daren 11 ga Disamba 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako su bayan kusan mako guda. Lamarin ya sa aka rufe makarantun kwana, kuma idan makaranta ta rufe, wasanni ne farkon abin da ke mutuwa, su ne kuma na ƙarshen farfaɗowa.

Ba wanda zai ce ƙwallo tana maganin bindiga. Sai dai saurayin da ke da inda zai je bayan La'asar, da babba mai tambayar dalilin fashinsa jiya, ya fi wuyar shiga hannun ɓata-gari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ƙwallon kwando kuwa ta dace da irin wannan yanayi. Filinta mita 28 ne a tsawo da 15 a faɗi, kwandon kuma yana da tsayin mita 3.05, mutum biyar-biyar ne a kowane ɓangare. Ana iya shimfiɗa filin a cikin katangar makaranta, ba sai an kai yara bayan gari ba. Zariya kuma ba nisa daga Funtuwa, wato cibiyar horon tana kusa.

Wace karramawa ce ta gaskiya?

Dokar 2022 ta mayar da ritayar malaman makaranta shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Ke nan malamin wasannin da ya kai wannan mataki ya horar da iyaye da 'ya'yansu. Allon yabo da liyafar yini ɗaya ba su isa sakayya ba.

Na farko, a biya shi giratuti da fansho kan kari. Babu amfanin jawabin yabo ga dattijon da ke yawon bin fayil. Na biyu, a naɗa magajinsa tun yana kan aiki, domin ya koya masa. Na uku, a adana tarihinsa: sunayen ɗalibai, hotuna da sakamakon gasanni. Na huɗu, tsofaffin ɗalibai da suka samu abin hannu su gyara filin da suka taso a kai, ko su sanya gasar shekara-shekara da sunansa. Buhunan siminti da kwando biyu da ƙwallaye ba su fi ƙarfin ƙungiyar 'yan kasuwar gari guda ba.

Mafi muhimmanci, a yi haka yana raye, yana iya zama a gefen fili ya ga jikokin ɗalibansa suna jefa ƙwallo. Yaba kyauta tukwici ne, kuma tukwicin da ya makara ba ya isa hannun mai shi.